Huffin Da Na Saya Wa Yaya

Da sunan Allah mai rahama nake farawa. Sunana Sabi'u, mutumin Bichi ne ni, shekarata goma sha ɗaya a Bronx, a ɗaki guda a hawa na huɗu kan titin Grand Concourse. Gadi nake yi a wani wurin ajiye motoci, daga azahar zuwa bayan isha'i. Bokona a firamare ya tsaya, wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi mini afuwa. Labarin ƙafar yayana zan bayar. Na rubuta shi ne don 'yan'uwanmu da ke aiki a gonaki can bayan gari, da duk wanda yake da mai ciwon suga a ɗaki. Ina da hannu a abin da ya faru, kuma ba zan ɓoye ba.

Ni da Yaya Habu uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya ba ni shekara goma sha biyu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini hanya na zo ƙasar nan. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Shi kuwa Malam Anya yake ce mini, saboda bakina ba ya rabuwa da "anya". Anya na kashe gas? Anya na kulle ƙofa? Anya ruwa ya taɓa gwiwar hannuna a alwala? Sai in sauka har ƙasa in sake hawowa in duba. Haka Allah ya yi ni.

Yaya bai taɓa son birni ba. A wata gona yake aiki can arewacin jihar, tafiyar awa huɗu a bas, inda ake kiwon raguna da awaki ana kawo mana lokacin layya. Ciwon suga ya kama shi shekara shida da suka wuce. A ƙauyen da ke kusa da gonar akwai wani ɗan asibiti mai ɗaki uku, da wata tsohuwar nas, Baturiya, sunanta Karol. Duk wata sai ya taka ya je wurinta. Ta auna jininsa, ta rubuta masa magani, sannan ta sa shi ya cire takalmi da safa ta duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. Yakan ba ni labari a waya yana dariya: "Tun da Inna ta rasu ba macen da ta isa ta ce in tuɓe takalmi sai tsohuwar nan. Har faɗa take mini a kan farce."

Ƙarshen lokacin zafi aka rufe asibitin. Yaya ya faɗa mini a waya kamar mai ba da labarin farashin dusa. Wai 'yan majalisa a Washington sun yi doka da za ta rage abin da ake biyan asibitoci a kan masu katin lafiya na gwamnati, kuma mutanen ƙauyen yawancinsu irin katin ke gare su. Sai babban asibitin da ke riƙe da ƙaramin ya ce ba zai iya ba. Aka manna takarda a ƙofa, mai son ganin likita ya tafi wani gari, tafiyar sama da awa guda a mota. Bas ba ya zuwa can, Yaya ba shi da mota. Aka kuma ba su lambar da za su riƙa kira.

"Ta waya za su duba mini ƙafa, Malam Anya," ya ce. "In ɗora ta a kan wayar ke nan."

Ya yi dariya, na yi dariya. Ban ce anya ba. Ranar da ya kamata in ce ke nan.

Mako na farko

Ganyen itatuwa sun fara zuba sai ga shi ya zo ba sanarwa, da jaka ɗaya. Na tare shi a tashar bas, muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, layin D, zuwa gida. A matakalar gidanmu na ga yana jan ƙafar dama, yana hutawa a kowane hawa. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Sanyin gona ne ya shiga gwiwa. Aiki ya yi sauƙi, na ce bari in zo in ga ko har yanzu kana gaisawa da murhun gas." Na bar masa gado, na shimfiɗa bargo a ƙasa.

Na ji daɗin zuwansa, ba zan yi ƙarya ba. Iyalina suna gida, shekara uku rabona da su. Wanda bai zauna shi kaɗai a ƙasar nan ba bai san yadda cin abinci da mutum yake da daɗi ba.

Kwana biyu da zuwansa na lura da safar. Baƙa ce mai kauri, ba ya cire ta ko zai kwanta. Da asuba na wuce ƙofar banɗaki na hango shi yana alwala. Ya wanke fuska, ya wanke hannu, ya shafi kai. Da ya zo kan ƙafa sai ya jiƙa hannu ya shafa a kan safar ya miƙe.

Gabana ya faɗi. Ku ji abin da ya faɗar mini da gaba, don a nan kuskuren yake. Ban ce me ke ƙarƙashin safar nan ba. Cewa na yi, anya alwalar nan ta yi? A makarantar allo an koya mana shafa a kan huffi na fata ake yi, ba a kan safar yadi ba. Ga shi Yaya ne ke jan mu salla a ɗaki, don shi ne babba. Idan alwalarsa ba ta yi ba, tawa sallar fa? Na shiga rama salloli a ɓoye a wurin aiki, a bayan wata babbar mota, ina yi ina jin kunyar kaina.

Akwai kuma wari. Na ɗauka warin garke ne ya kama kayansa. Na kwashe su na kai wanki, na kunna turaren wuta. Na ce ya ba ni safar in haɗa, ya ce, "Bar ta." Na bar ta. Yaya ya ce bari, wane ne ni?

Mako na biyu

Ranar Juma'a Yaya ya ce gwiwa ba za ta bar shi ya je masallaci ba. Na tafi ni kaɗai can unguwar Morrisania. Bayan an idar na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da limaminmu, Malam Isufu, mutumin Damagaram. Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya ce a kan wani mutum. Yana shafa a kan safa, safar yadi."

Malam ya ce malamai sun yi saɓani, wasu sun yarda in safar mai kauri ce, amma a abin da muka taso a kai sai huffin fata. Ya ƙara da cewa in akwai lalura, kamar rauni da aka ɗaure, wannan hukuncinsa daban, addini ba ya ƙuntata wa mai ciwo. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan wani mutumin naka, Sabi'u, lafiyarsa lau?"

"Lau, Malam. Sanyi ne kawai."

"To in sanyi ne, madalla. In ba sanyi ba ne, a kai shi ga lokotoro, ba ga Isufu ba."

Lokotoro, wato likita; Malam ya buɗe mini ƙofa, na bi ta gefenta na wuce. Abin da na ɗauko daga maganarsa kalma biyu ce, huffin fata. Daga masallaci na zarce wani kanti da ake sayar da dadduma da carbi, na sayi huffi baƙi mai zif a gefe. Ban san lambar ƙafar Yaya ba, kuma ba zan iya tambaya ba, sai na gwada da tawa na ƙara kaɗan. A jirgi ina rungume da ledar ina murna. Na samo hanyar gyara sallarmu ba tare da na ce wa yayana ya yi kuskure ba.

Na ajiye a gabansa na ce tsaraba ce saboda sanyi. Ya juya shi a hannu. Can ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa. Na ji ƙarar ruwa, na ce alhamdu lillahi, ya wanke ƙafa kafin ya sa, sharaɗi ya cika. Ya fito da huffin a ƙafa, goshinsa duk gumi. Ranar na bi shi sallar magariba da zuciya sakayau.

Mako na uku

Maganin sugarsa ya kusa ƙarewa. Da sassafe na kai shi wani asibitin unguwa. Muka ja lamba, muka zauna daga ƙarfe takwas har sha ɗaya da rabi. Da aka kira mu, matar da ke bayan gilashi ta duba katinsa ta ce na wata gunduma ne can arewa, ba ya aiki a nan sai an mayar da takardunsa birni. Jiha ɗaya, kati ɗaya, amma wai kowace gunduma da nata tsarin. Ta ba mu takardu mu cike, ta ce a kawo shaidar yana zaune a ɗakina, ta rubuta mana ranar ganin likita nan da mako biyar. Ta tambaya ko akwai abin gaggawa. Na juya na faɗa wa Yaya da Hausa. Ya ce, "Ce mata magani kawai." Na ce mata magani kawai.

Ba na zargin matar nan. Ta tambaya.

Takardun na cike su sau uku, don duk lokacin da na gama sai in ga kamar na karkata wani harafi. Kwana huɗu suka ci a hannuna.

A makon ne shawarwari suka fara zuwa. Matar Yaya, Anti Rabi, ta turo saƙon murya daga Bichi, a dafa zogale da garahuni a sha safe da yamma. Wani ɗan garinmu mai tuƙa tasi ya kawo man zafi na shafawa a gwiwa. Wani ya ce habbatus sauda da zuma, ni kuma na kwana biyu ina tunanin anya mai suga yana shan zuma. Kowa gwiwa yake yi wa magani, saboda gwiwa Yaya ya ce. Duk na gode musu, da zuciya ɗaya suka yi.

Mako na huɗu

Ya daina cin abinci. Jikinsa zafi, yana rawar ɗari ga hitar ɗumama ɗaki a kunne. Salla a zaune. Barkwancin ma ya ragu, wannan ya fi komai tsorata ni. Na ce, "Yaya, ko mu koma asibiti?" Ya ce, "Ba sun ba mu rana ba? Bature ba ya son a zo masa kafin lokaci." Turare kuwa na ƙona ya fi a ƙirga.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Ladi ce, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, 'yar zangon Kumasi, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ji Yaya ba lafiya ta kawo koko a fulas. Ta yi sallama ta shigo, taku biyu ta tsaya cak, ta ɗaga hanci.

"Ei! Sabi'u, me ya mutu cikin ɗakin nan?"

Na ce, "Hajiya, warin garke ne, kin san aikinsa."

"Garke? Ni na tashi kusa da mayanka, na san warin tumaki. Wannan ba shi ba ne." Ta ajiye fulas ta nufi gado. "Alhaji, sannu. Kana da suga?"

Yaya ya ce, "Kaɗan."

"Ba a yin suga kaɗan. Cire wannan abu na ƙafarka."

"Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah. A gaban ƙanena?"

"Tsoron Allah ya sa na ce ka cire. Shekara sha biyar ina wanke tsofaffi, farare da baƙaƙe, ba abin da ido na bai gani ba. Sabi'u, juya ka kalli bango in kunya ce damuwarku."

Na juya na kalli bango, wallahi na juya. Na ji tana jan zif, na ji Yaya ya yi wani nishi. Ta ce zif ɗin ya ƙi, ƙafar ta kumbura ta cika huffin, fata ta kama fata. Ta ɗauko waya za ta kira motar asibiti. Na ce, "Hajiya, katinsa bai dawo birni ba tukuna, ranarmu sai nan da wata guda."

Ta dube ni kamar za ta mare ni. "Kai wane irin mutum ne? Imajensi, sashen gaggawa, ba ya korar kowa, da kati da ba kati. Doka ce ta ƙasar gaba ɗaya. Shekara nawa ka yi a nan?"

Shekara goma sha ɗaya, ban sani ba. Dokar da ta rufe asibitin ƙauye ta iso har ɗakina ba tare da na neme ta ba. Wadda za ta taimake mu kuwa tana nan zaune, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Don Allah wanda ya karanta wannan ya riƙe, ya faɗa wa na kusa da shi.

A asibiti almakashi suka sa suka yanka huffin, daga sama har yatsu. Wannan karon ban juya ba. Ba zan bayyana duk abin da na gani ba. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, a tafin ƙafar akwai rami da babban yatsana zai shige. Wata likita, yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, ta ɗaga huffin da yatsa biyu. Suka kira tafinta ta waya, wani mai Hausar Sakkwato.

"Ta ce wa ya sa masa wannan?"

Na ce, "Ni na saya."

"Ta ce kwana nawa yana ƙafarsa?"

Na ƙirga. "Sha shida."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ciwon ya riga huffin, amma fatar huffin ta rufe shi ba iska, ga matsi, ga damshi. Sai ta faɗi maganar da har yau take kunnena: ƙafar mai suga ba ta kuka, sai an dube ta ake sanin halin da take ciki.

A nan Yaya ya faɗi gaskiya, idonsa a rufi. Mako biyu da rufe asibitin ƙauye ya taka wata wayar ƙarfe a garke. Bai ji komai ba, sai da yamma ya ga jini. Ya wanke da ruwan gishiri ya ɗaure. Ya kira lambar da aka ba su, aka ce ya zo a gani, mai gonar ya ce zai kai shi in an gama yankan ciyawa, ciyawa ba ta ƙare ba. Da abin ya fi ƙarfinsa ya taho wurina, da ya zo kuma ya kasa buɗe wa ƙaninsa ƙafa mai wari. Huffin da na kawo, ya ce, ya karɓa ne don safar ta fara jiƙewa ana gani.

Mako na biyar da na shida

Suka cire yatsu biyun, suka kankare ramin, suka sa masa ƙarin ruwa da magani dare da rana. Likita ta ce za su yi ƙoƙari su ceci sauran. Na riƙe kalmar ƙoƙari kamar igiyar rijiya.

Kullum bayan asuba nakan hau jirgi in je, in zauna har sha ɗaya, in wuce aiki. Juma'ar farko mutanen masallaci sun zo su shida, Allah ya saka musu. Daga nan sai waya. Ban riƙe kowa ba, mai tasi in ya tsaya bai ci ba, mai aikin kanti ba a ba shi hutu don yayan wani. Amma na tuna lokacin da Inna ta kwanta a asibiti a gida, tabarmi har baranda, kwanukan abinci har ana rasa wurin ajiyewa. A nan kujera ɗaya ce a gefen gado, kuma ko ita rabin yini ba kowa a kanta.

A gadon da ke kusa akwai wani tsoho mai jin Sifaniyanci, 'ya'ya da jikoki ba sa yanke masa. Wata rana 'yarsa ta miƙo mini shinkafa da kaza a roba. Na karɓa na yi godiya, na rasa yadda zan tambaye ta yankan waye. Na riƙe robar a cinya har ta huce. Yaya ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ci shinkafar ka bar kazar, Malam Anya, kafin ka kai ta wurin Isufu fatawa."

Akwai wata ma'aikaciya da ke taimaka wa marasa lafiya da takardu. Ita ta mayar da katin Yaya birni cikin kwana kaɗan, abin da na yi mako ina zagaye. Na tambaye ta laifin wa ne rufe asibitin. Ta ce na Washington sun yi tasu dokar, na jiha suna da nasu tsarin, kowa yana nuna ɗan'uwansa. Ta ce an yi maganar wani tallafi na musamman don karkara, amma inda aka riga aka sa kwaɗo, tallafi ba ya buɗewa da kansa. Rabin bayaninta ban gane ba. Abin da na gane, waɗanda suka ɗaga hannu a majalisa ba su san Karol ba, ba su san akwai wani Habu da ita kaɗai yake tuɓe wa takalmi ba.

Yaya yana da lambar Karol, ya ce in kira in gaishe ta. Ta koma aiki a wani gidan tsofaffi a wani gari mai nisa. Da ɗan Turancina na faɗa mata. Sannan ta ce da ta gani a makon farko, wankewa ce da ɗauri da ƙwayoyi. Ta ce in ce masa ta yi fushi da shi. Muryarta ba ta mai fushi ba ce.

Mako na bakwai

Zazzaɓi ya dawo. Suka ɗauki hoto, likita ta zo da wani babba, aka sake kiran tafinta. Ciwon ya shiga ƙashi yana hawa. Sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba zai shiga jini, kuma ba su ba shi dogon lokaci ba.

Yaya ya ce, "A'a. Da ƙafa biyu na zo ƙasar nan, da biyu zan koma. Makiyayi da ƙafa ɗaya, raguna ma dariya za su yi." Suka ajiye takardar amincewa da yankan a kan tebur suka ce yana da kwana biyu.

Anti Rabi ta kira tana kuka, kada a yarda, a sa shi a jirgi, akwai mai magani a wani ƙauye da ya warkar da irin wannan. Ɗan garinmu ya ce Turawa da saurin yanka suke. Na fita na zauna a matakalar asibitin, mutane suna wucewa ta gefena ba wanda ya san ni. Na nemi wanda zai shiga ya yi wa Yaya magana, babba, sa'ansa. Na duba wayata daga sama har ƙasa. Ba kowa sai ni.

Na koma. Yana kwance, na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Yaya, tun ina yaro ban taɓa musa maka ba. Ka ce gwiwa, na ce gwiwa. Ka ce bar safa, na bari. Ka ce magani kawai, na faɗa wa matar magani kawai. Na ga kana shafa, na tafi neman hukunci ban nemi ciwo ba, na sayo abin da ya rufe shi. Biyayyata ce ta kawo mu nan. Yau ba zan bi ba. Ka sa hannu. In ka ƙi, ni zan kai gawarka filin jirgi, ni kaɗai, kuma ban san me zan ce wa Abba da Ummi ba." 'Ya'yansa ke nan.

Ya daɗe yana kallona.

"Malam Anya," ya ce, "yau ba anya?"

"Babu, Yaya."

"Huffin nan, ka cire shi daga ranka. Ni na ja zif ɗin, ba kai ba." Ya miƙo hannu. "Ba ni biron."

Aka yi aikin ranar Talata da safe. Ya farfaɗo lafiya, zazzaɓin ya sauka cikin kwana uku.

Saura abu ɗaya, kuma wannan karon waswasina ya yi amfani. Tun kafin a shiga da shi na tambayi likita ina za a kai ƙafar. Ta ce asibiti ke ƙonawa. Na ce mu ba ma ƙona ɗan Adam, ko yankinsa. Ta ce ana iya bayarwa, amma sai ta hannun masu shirya jana'iza, da takarda. Malam Isufu ya haɗa ni da su, jama'ar masallaci suka ɗauki nauyin. Malam ya ce ba a yi mata salla, a naɗe ta a farin ƙyalle a binne, shi ke nan.

Ranar Litinin aka ba mu ƙafar, kowa yana wurin aiki. Daga ni sai direban masu jana'iza, wani Balarabe da ba ma jin yaren juna. Muka ƙetare kogi zuwa wata maƙabartar Musulmi a New Jersey. Ƙasa ta fara daskarewa, sun haƙa ɗan rami da inji a gefen katanga. Na karɓe ta a hannu biyu. Ban san ƙafa tana da nauyi haka ba. Ita ce ta taka ta kai ni makaranta ranar farko, ita ta bi layin ofishin jakadanci saboda ni. Na durƙusa na sa ta, na mayar da ƙasa da hannuna, na yi addu'ar da ta zo bakina. Direban yana cikin mota yana waya.

Ina gode wa Hajiya Ladi, da ba ta shigo da koko ba da gawa muke magana. Ina gode wa likitocin da ma'aikaciyar takardu, da Malam, da Karol. Waɗanda suka rubuta dokar kuwa ban san sunansu ba, Allah ya sani, na bar su da shi. Ku da ke gonaki, in an rufe asibitin kusa da ku, kada ku jira ciyawa ta ƙare. Ku da ke da babba mai suga, kunya tana da wurinta, amma ku dubi ƙafar.

Daga maƙabarta asibiti na wuce, da laka a gwiwar wandona. Yaya yana zaune an jingina shi da filo, bargo ya kwanta shafal a inda bai kamata ba. Ya dubi wandon.

"Ka kai ta?"

"Na kai ta, Yaya."

"Mutum nawa?"

Na yi niyyar in ce da dama. Na ce, "Ni kaɗai."

Ya gyaɗa kai. Ya juya yana kallon taga, inda ba abin da ake gani sai bangon wani gini.

"Shekara ashirin ina cewa a Bichi za a binne ni, kusa da Inna," ya ce. "Ga shi ta riga ni kama wuri a nan." Ya juyo ya dube ni. "Ka riƙe lambar ramin, Sabi'u. In na koyi tafiya da ta roba, za ka kai ni in ga inda take."

Na ce to. Lambar tana aljihuna, na rubuta ta a wuri uku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na nan, ya sa kada wani ya kwanta ciwo inda ba mai duba shi.